Tsohon da Aka Rataye a Alƙibla

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Firij Abdul'aziz a shekarar da aka yi wasannin Asiya a Doha ya san Dogara, in ma bai gan shi ba to ya ji muryarsa ta bango. Dogo ne, baƙi, gemu fari fat, kafaɗa irin ta 'yan dambe. Bai taɓa zama a aji ba, da dangwale yake sa hannu, amma a kawo mai digiri a ajiye su tare a tsakiyar sahara a ga wanda zai dawo. Mota ta taɓa kifewa da su a hanyar Agadas, shi kaɗai ya fito yana kaɗe ƙura. Ya yi gadi a Legas lokacin da 'yan fashi ke aiko da gaisuwa kafin su zo. Kwalara ta kama shi a Jidda, ta gaji ta sake shi. Amma abin da ya fi taƙama da shi guda ne: tun yana saurayi har gemu ya yi fari, ba a taɓa korarsa daga aiki ba. Shi yake cewa ya tafi. Ya kuma faɗa wa kowa cewa ran da zai koma Gumel, da babbar riga da akwati zai sauka daga jirgi, ba za a tasa ƙeyarsa da silifas ba kamar waɗanda kafil ya kai ƙara.

Kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauko shi aiki yake kuma riƙe da fasfonsa, wani attajiri ne da ake ce wa Abu Jasim, mai ƙaton gida a Mirƙab. Ba mugu ba ne, amma akwai zafin rai. Dogara da idonsa ya ga ya kira wa direba 'yan sanda don ya goga mota a jikin bango, kafin a ankara direban yana ƙasarsu, ko sallama bai yi da kowa ba. Mutum ɗaya tak Abu Jasim ke tsoro a duniya, mahaifiyarsa. Hajiya tsohuwa ce 'yar ƙarama mai dogara sanda, carbi ba ya barin hannunta. Ba ta yarda da hoto a gida ba. Ko na jikokinta sai da ta sa aka sauke daga falo, ta ce mala'iku ba sa shiga inda yake. Ita kuwa ta riƙi Dogara da mutunci. Haji take kiransa, in za a yi yanka ba ta cin na kowa sai nasa.

To ɗan wannan tsohuwa ne ya je Turai ya sayo hoto. Ba na kyamara ba, zanen hannu ne da fenti, wanda aka ce kuɗinsa zai gina unguwa. Aka shigo da shi cikin akwatin katako, aka ce wa Hajiya dardumai ne masu tsada. Aka ware masa wani ƙuntataccen ɗaki a bayan majalisa, wato falon baƙi, ba taga, esi dare da rana, sanyi kamar cikin firji. Aka ba Dogara kujera da makulli, aka ce ya zauna da shi daga safe zuwa magariba. A bakin ƙofa ta waje kuma aka ajiye Gafaru, wani magidanci mutumin zangon Kumasi, mai surutu da son shayi.

Fuskar wani tsoho ce a hoton, tana fitowa daga cikin duhu. Baƙar hula, jan hanci kamar mai mura, fata ta saki a ƙarƙashin ido, haske ya sauka a goshi da kunci ɗaya kawai. Idanun kuwa duk inda ka koma suna kanka.

Wadda ta rataye shi wata Baturiyar Holan ce, Madam Anelis, siririya mai tabarau da farar safar hannu, aikinta kenan jinyar tsofaffin hotuna. Ita ta ba su labarin mai zanen, Gafaru yana juyawa da Hausa tun da shi ya ji Turanci. Ta ce mutumin ƙasarsu ne, ya rayu shekara ɗari uku da ɗoriya da suka wuce, a wani birni da ruwa ya ratsa ko'ina. Yana saurayi attajirai layi suke yi ya zana su. Sai ya fara zana su yadda suke, mai tumbi da tumbinsa, mai harara da hararsa. Suka yi fushi suka koma wurin masu gyara musu fuska. Gida ya tafi, kaya suka tafi. Da ya rasa wanda zai zauna masa, sai ya ɗauki madubi ya zana kansa, wannan fuskar kenan. Ya mutu aka binne shi cikin talakawa, hoton ya shekara da shekaru a wani ɗakin shan giya yana shan hayaƙi. Yanzu kuma manyan duniya ke kokawa a kansa.

Dogara ya gama ji, ya kalli tsohon sama da ƙasa. "Wato dai korarsa aka yi."

"Baba, ba haka ta ce ba."

"Haka ne mana. Da ya zo wurina da na koya masa zama da manya. Mai gida ya ce a rage masa tumbi, ka rage masa, naka ne?"

Sunan mai zanen ya ƙi zama a bakinsa, sai ya sa masa Sa'ana. Kullum da safe in ya buɗe ɗaki sai ya ce, "Sa'ana, an tashi lafiya? Har yau dai ba a biya ka ba."

Matsala ɗaya ce. A Doha alƙibla yamma take, ba gabas ba irin ta gida, kuma a bangon yamma Madam ta kafa ƙusa, wai ya fi nisa da esi. Ɗakin siriri ne, duk yadda Dogara ya shimfiɗa darduma sai ya ga Sa'ana a gabansa yana kallonsa. Mutumin da ya je Makka ba zai kai goshi ƙasa a gaban Bature ba, ko da na fenti ne. An kuma hana shi barin ɗakin. Sai ya yi dabara. In lokaci ya yi, ya cire farin hiraminsa ya yafa a saman katakon hoton ya rufe fuskar, ya yi sallarsa, ya janye. Aka daɗe a haka, babu wanda ya sani sai Gafaru.

Ranar da abin ya faru, Abu Jasim ya gayyaci wasu manyan baƙi su zo bayan la'asar su ga hoton a asirce. Madam ma ta dawo gari saboda su. Da safe Gafaru yana miƙa wa Dogara kofi, shayin madara ya tuntsure a kan hiramin. Dogara ya wanke ya matse ya shanya, amma iskar Doha a wannan watan ita kanta jiƙaƙƙiya ce, har azahar hiramin da danshinsa. Ya taɓa, ya ce sallar nawa take, ya yafa shi.

Yana sallamewa ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a tayil. Duk gidan an san wannan ƙarar. Kafin ya miƙe Hajiya ta tura ƙofa da sandarta, Gafaru a bayanta ido waje kamar wanda ya haɗiye ƙashi.

"Ya Haji, an kawo raguna, ba a yanka ba, kai kuma kana nan cikin sanyi." Ta ɗaga sanda ta nuna bango. "Menene wancan?"

Da wani ne da ya sume. Dogara ko ƙifta ido bai yi ba. "Hiramina ne, ranki ya daɗe. Na wanke shi bai bushe ba."

Ta daɗe tana kallon farin ƙyallen. Ta dubi ɗakin da ba darduma ko ɗaya sai tasa ta salla.  "Yalla, wuce gabana."

Ba halin ya janye hiramin tana tsaye. Ya kulle ɗakin ya bi ta. Raguna ba ɗaya ba, kuma Hajiya ba ta san gaggawa ba. Ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna tana duba wuƙa, tana duba haƙoran kowane rago, ta sa ya tsaya har fiɗa. Hannunsa na cikin jini, hankalinsa na can bangon yamma. Sai da aka kusa kiran la'asar ta sallame shi.

Ya wanke hannu ya dawo da sauri. Iskar esi ta manne hiramin a jikin hoton. Ya kama gefe ya ɗaga a hankali.

Sa'ana ya ɓace. Wani farin hazo ya kwanta tun daga goshi har gemu, kamar an watsa koko ya bushe. Ba hanci, ba baki. Ido ɗaya kaɗai ya rage a gefe, yana leƙowa.

Gafaru ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! Baba, ka kashe shi!"

"Rufe ƙofar, ka rage murya."

"Wannan wahala ce paa. Kurkuku ne, Baba. Kai da ni. Ni da na zubar da shayi ma za a ce da ni aka haɗa baki."

Dogara ya hura wa hoton iska. Ya yi masa fifita da hula. Hazon ko gezau. Mutumin da bai ja da baya a gaban 'yan fashin Legas ba, ranar sai da ya nemi kujera. Ya ga kansa a filin jirgin Kano da silifas da leda, ɗan sanda na miƙa shi kamar kaya. Ya ga mutanen Gumel a zaune a tasha suna cewa, af, ba wannan ne Dogaran da ba a kora ba?

Gafaru ya fita da gudu ya dawo da 'yar kwalba a ƙarƙashin riga. "Man zaitun, daga kicin. Teburin gidanmu in kofi ya yi masa farin tabo, mai ake shafawa ya koma sabo. Shafa, Baba, kafin su zo. Ba mai ganewa ko kaɗan, koraa."

Dogara ya karɓa. Ya tsiyaya man a bakin hiramin, ya naɗe a yatsa, ya miƙe ya matsa. Daga waje aka ji ƙofar gida ta buɗe, mota ta shigo.

"Su ne! Yalla, Baba, yalla!"

Yatsan ya kusa taɓa kuncin. Idon nan guda yana kallonsa, ba roƙo ba fushi, kallon wanda ya riga ya ga abin da ya fi haka. A nan Dogara ya tsaya, ba don tausayin Bature ba, lissafi ya yi irin wanda ya fitar da shi daga wurare da yawa. Danshin hirami, ko a gaban alƙali aka kai shi zai ce salla ya yi, kuma alƙalin Musulmi ne. Amma mai? Mai aikin wanda ya yi ɓarna ne yake ɓoyewa, ga wari, ga maiƙo, Baturiyar nan da hancinta za ta gane tun daga ƙofa. Ya sauke hannu.

"Mayar da kwalbar nan kicin."

"Baba, ka haukace?"

"Na ce ka mayar. Ka dawo ka tsaya kusa da ni, bakinka nake so, Turancin nan naka yau zai yi amfani."

Abu Jasim ya shigo cikin farar jallabiya yana ƙamshin turare, yana dariya da Madam. Dariyar ta yanke a bakin ƙofa. Madam ta saki jakarta, ta faɗi wata kalma da yarensu, ta nufi bangon. Shi kuwa fuskarsa ta yi ja, ta koma baƙa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Allah ya ja kwananka," in ji Dogara da Larabcinsa na Jidda, mai karyayyen baya amma yana isar da saƙo.

"Kai? Ka san abin da ka taɓa? Da kai da ƙauyenku da duk wanda ka sani, a sayar da ku ba za ku biya kunnensa ba!" Ya zaro waya. "Khalas. Yau a ofishin 'yan sanda za ka kwana."

Madam ta juyo da ƙaramar tocila a hannu, tana magana da sauri. Gafaru ya ce, "Tana tambaya me ka sa masa."

"Gaya mata hirami ne mai danshi."

"Ta ce bayan nan fa? Ka goge? Ka shafa wani abu? Mai, sabulu, ko yawu?"

"Gaya mata ko farce ban sa ba."

Ta cire tabarau ta kalle shi ido cikin ido. Ta kama yatsansa ta sansana, ta ji man. Gafaru ya rufe ido. Ta koma ta kai hanci jikin hoton, ta bi shi da tocila daga sama har ƙasa, ta daɗe a kuncin.  Sannan ta sauke numfashi ta yi wa Abu Jasim bayani. Gafaru ya raɗa wa Dogara: wai akwai wani siririn ƙyalli da ake shafawa a saman fenti, shi ya sha danshi ya yi fari, fuskar tana nan a ƙasa. Tana sa ran za ta iya dawo da ita, amma ba yau ba, kuma ba ta yi alkawari ba. Da mai ya shiga tsagogin fentin, da magana ta ƙare.

Abu Jasim bai sauke wayar ba. "Baƙina suna hanya. Me zan nuna musu, gajimare? Ka kunyata ni, tsoho. Waye ya ce ka rufe shi?"

Dogara ya gyara tsayuwa. Ya fi mai gidan tsawo, kuma ranar bai rage tsawon ba. "Allah ya ja kwananka, ka ce kada in bar ɗakin nan, ban bari ba sai da Hajiya ta kira. Ka ce in kula da shi, na kula. Amma ina alƙibla a ɗakin nan?"

Abu Jasim ya buɗe baki, ya waiwaya, ya dubi bangon. 

"A gabansa kake so in yi sujada? Shi ya sa nake rufe shi in yi salla in buɗe. Yau ma da na buɗe tun azahar, sai Hajiya ta shigo."

"Ta shigo nan?"

"Har inda kake tsaye. Ta nuna shi da sanda ta ce menene wancan. Na ce hiramina ne. Ban yi mata ƙarya ba, hiramina ne. Da ba ya wurin, da fuskar nan ta gani." Ya ɗan dakata. "Kira 'yan sandan, ba zan gudu ba, ina zan je ba fasfo? Sai dai in motarsu ta tsaya a ƙofar gida, Hajiya za ta fito. Za ta ce, ya Haji, me ka yi? Ni kuwa na tsufa, ba zan iya yi wa tsohuwa mai carbi ƙarya ba."

Jijiyar wuyan Abu Jasim ta tashi. Babban yatsansa na kan madannin wayar. 

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Daga can ƙarshen baranda ƙarar ta taso, a hankali, tana matsowa. "Ya Haji! Kan ragon nan wa ya ce a jefar?"

Abu Jasim ya dubi ƙofa, ya dubi hoton da ke tsirara a bango da ido ɗaya. Attajirin da ake tsayar da motoci in zai wuce, sai ga shi yana laluben abin rufewa a ɗakin da ba ko labule. Ya fizge hiramin daga hannun Dogara, ya nufi bango. Madam ta yi ƙara ta tare gabansa da hannu biyu. Ya tsaya da jiƙaƙƙen ƙyalle a hannu, ya juyo.

"Fita ka tare ta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yalla, ya Haji. Fita."

"Wayar fa?"

Ya jefa ta aljihu. Dogara ya karɓi hiraminsa, ya saɓa a kafaɗa, ya fita ya ja ƙofa, bai yi sauri ba. Ya tari Hajiya saura kaɗan ta iso, ya rusuna. "Ranki ya daɗe, kan yana nan, ni na ajiye shi. Mu je in nuna miki." Ta kalli ƙofar da aka rufe, ta kalli hiramin da ke kafaɗarsa.

"Ya bushe?"

"Ya kusa."

Ta yi wani guntun tsaki, ta juya.

Aka ce wa baƙi esi ya lalace, suka ci rago suka tafi. Madam ta ɗauki kwanaki a ɗakin nan ita kaɗai da wasu kwalabe, tana yi wa hoton turare da tururin magani ba tare da ta taɓa shi ba. Hanci ya fara dawowa, sai baki, sai goshin mai haske. Da ta gama ta cire ƙusar daga bangon yamma da hannunta ta mayar kudu.

Makullin dai Abu Jasim ya karɓe. Aka ba Gafaru ɗakin, aka mayar da Dogara babbar ƙofar waje, inda ba esi sai laima da rana mai narka kwalta. Amma fasfo bai fito daga durowa ba, 'yan sanda ba su zo ba, kuma Babbar Salla da ta zagayo, shi ya yi wa Hajiya yanka.

Da daddare a Firij Abdul'aziz, ana zaune a kan tabarma ana cin shinkafa, Gafaru ya so ya ja shi. "Jama'a, ku taya Baba jaje. Mutumin da ba a taɓa kora ba, an kore shi daga ɗaki."

Dogara ya gama tauna lomarsa tukuna. "Kora? Sanyin ne ya ishe ni, gwiwa ta fara ciwo. Kai dai gobe in ka buɗe ɗaki ka duba ka gani, tsakanin ni da Sa'ana wa aka tayar daga bangonsa." Ya miƙa hannu ya ja tsokar da ke gaban Gafaru. "Ka kuma gaishe shi. Ka ce masa ni har yau ana biyana."